Darasi na 14: Majigi, Hoto Marar Magana

Ku tambayi dattawan Dutsin-Ma da na Kurfi labarin majigi. A zamanin En'e mota ce takan zo ƙofar gidan hakimi. In dare ya yi sai a kafa farin ƙyalle, a ta da inji. Hotuna su yi ta motsi, amma yawancinsu ba su magana. Wani ma'aikaci shi ke tsayawa da lasifika yana yi wa jama'a bayani da Hausa.

Hoto marar magana ya iya gyara zaman mutane. A shekarar 1913, a ƙasar Suwidin, wani gwani mai suna Victor Sjöström ya shirya labarin wata matalauciya da mijinta ya mutu, aka raba ta da 'ya'yanta. Mutane suka gani, abin ya taɓa zuciyarsu, aka yi ta magana a kai. A 1918 aka gyara dokar kula da matalauta ta ƙasar.

A Nijeriya kuwa, wanda ya kafa harsashin majigi wani Baturen duba-gari ne a Ikko, sunansa William Sellers. Da annoba ta faɗa wa Ikko, sai ya ɗauki hoto don ya nuna wa mutane ɓera ne ke yaɗa ta. A 1939 aka kafa ofishin majigi a Landan, aka ba shi shugabanci.

Ga yadda yakan yi aikinsa. Hoto ɗaya, darasi ɗaya. Kome sannu a hankali. Ba tsalle daga wannan wuri zuwa wancan. Ta haka aka koyar da tsabta, da noman gyaɗa da auduga.

Amma ya yi kuskure guda. Ya zaci mutanenmu ba za su gane hoto mai sauri ba. Alhali tun 1937 akwai gidan silima a Kano. A 1976 Adamu Halilu ya shirya Shaihu Umar da Hausa, watau almajiri ya zama malami.

Mai kallon majigi sai ya jira mai bayani. Wanda ya iya karatu kuwa, shi ke yi wa kansa bayani. Saboda haka kada ku yi fashin aji.

Tambayoyi
1. Wa ke yi wa jama'a bayanin majigi?
2. Wane kuskure Sellers ya yi?
3. Rubuta waɗannan: majigi, ƙyalle, ɓera.