Darasi: Takardar Neman Aiki da Lissafin Lada

Jama'a, idan an gama kaka, da yawa daga cikinmu kan tafi cin rani birni. Abu biyu za su amfane mu can: rubuta takardar neman aiki da hannunmu, da sanin lissafin ladanmu. Wanda bai iya su ba, sai abin da aka gaya masa.

Na ɗaya: takarda.

Mu sami farar takarda mai tsabta. A sama, hannun dama, mu rubuta adireshinmu da kwanan wata. A hannun hagu mu rubuta wanda za a kai wa. Sa'an nan mu faɗi abu huɗu: aikin da muke so, shekarunmu, abin da muka iya, da wanda ya san halinmu. Kada mu cika surutu. Kada mu faɗi abin da ba mu iya ba, gama ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ga misali. Mu ce sunan mai neman aikin Audu.

Unguwar Liman,
Giwa.
6 ga Janairu, 2025.

Zuwa ga Shugaban Aikin Gini,
Zariya.

Ranka ya daɗe,
Bayan gaisuwa da ladabi, ina neman aikin lebura a wurinka. Shekaruna 28. Na yi rani biyu ina kwaɓa siminti da ɗaukar bulo. Na iya karatu da rubutu da ɗan lissafi. Mai unguwarmu zai ba da shaida a kaina. Ina fata za a taimake ni.
Ni ne,
Audu.

Na biyu: lada.

Iyayenmu sun yi lissafi da fam da sule da kwabo. Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. A 1973 naira ta maye gurbinsu, lissafi ya yi sauƙi.

To, an ɗauki Audu a kan naira 3,000 kowace rana. Kullum in ya tashi aiki sai ya ja layi ɗaya a littafinsa. Ƙarshen wata ya ƙirga, ya ga layi 24.

Kwana 10, naira 30,000.
Kwana 20, naira 60,000.
Kwana 4, naira 12,000.
Kwana 24 ke nan, naira 72,000.

Ya kuma yi ƙarin aiki na awa 6 bayan an tashi. An shirya da shi kan naira 500 kowace awa. Wannan ya kama naira 3,000. Mu tara: 72,000 da 3,000, naira 75,000. Wannan shi ne jimlar lada, wato duk abin da ya samu kafin a cire kome.

Amma a tsakiyar wata Audu ya karɓi bashin naira 10,000. A debe 10,000 daga 75,000, saura 65,000. Shi ne zai shiga aljihunsa.

Mu lura da kyau. Jimlar lada daban, abin da ya shiga hannu daban. Mu fara sanin jimla tukuna, sa'an nan mu tambayi dalilin kowane abu da aka cire. Ran biya kada mu sa hannu ko mu dangwala yatsa sai mun karanta, mun ƙirga kuɗin. In littafin akawu ya ce kwana 22, namu ya ce 24, mu nuna masa cikin ladabi. Kwana biyu naira 6,000 ne, hatsin gida ne.

Aikin gida:
1. Mutum ya yi kwana 18 a kan naira 2,500. Nawa ne jimlar ladansa?
2. In ya karɓi bashin naira 7,000, nawa za a ba shi?
3. Kowa ya rubuto takardar neman aikin gadi, ya kawo wa malami.