Shawarwari: Yadda za ku ceci tankin ruwan zafi daga tsatsa a New York

Duk inda ƙarfe iri biyu suka haɗu cikin danshi, ɗaya ne ke cinyewa, ɗayan ya tsira. Haka ta faru da mutum-mutumin 'Yanci da ke bakin ruwan New York: fatarsa jan ƙarfe, ƙashin cikinsa baƙin ƙarfe. Tsatsa ta ci na cikin, har sai da aka sauya sanduna kusan 1,800 tsakanin 1984 da 1986. Amma tun 1824 masanin kimiyya Humphry Davy ya nuna a jiragen ruwan Ingila cewa za a iya cin moriyar wannan hali: a liƙa wa ƙarfen da ake so wani mai saurin cinyewa, tsatsa ta shagala da shi. 'Yan'uwanmu masu gida a Bronx da Queens, dabarar nan tana cikin tankin ruwan zafi da ke ɗakinku na ƙasa.

1. Ku san sandar fansa. A saman tankin akwai kan noti mai kusurwa shida, wani lokaci a ƙarƙashin murfin roba. Daga nan wata doguwar sandar maganiziyam ko alminiyam ta sauka cikin ruwa. Aikinta ta narke a madadin tankin. Ranar da ta ƙare, tsatsa ta koma kan bangon tanki, kuma ba za ku sani ba sai kun taka ruwa a ƙasa.

2. Ku duba ta duk shekara biyu ko uku. A kashe gas ko lantarki, a rufe ruwan sanyi, a buɗe famfon ruwan zafi, a zubar da ɗan ruwa ta ƙasan tankin, sannan a kwance notin da sufana mai inci 1 da 1/16. Sau da yawa notin yakan kafe. Kada maigida ya yi ta kokawa har ya girgiza bututun gas, a kira mai gyaran famfo. In wayar tsakiyar sandar ta fito tsirara kamar inci 6, a sauya ta. Idan rufin ɗakin ya yi ƙasa, akwai sanda mai gaɓa-gaɓa da ake lanƙwasawa. Kuɗinta bai kai kusa da na sabon tanki ba, balle kafet da buhunan shinkafar da ruwa zai lalata.

3. Ruwan birnin, wanda akasarinsa ke zuwa daga madatsun Catskill da Delaware, ba shi da kanwa sosai, don haka maganiziyam ta fi dacewa. Idan ruwan zafi ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai, a koma ta alminiyam da tutiya, ko mai aiki da lantarki wadda ba ta narkewa. Wasu sukan zare sandar su toshe ramin. Wannan ganganci ne, kuma yana soke garanti.

4. A tsofaffin gidaje, kada a ɗaura bututun jan ƙarfe kai tsaye da tsohon na baƙin ƙarfe. A sa mahaɗi mai roba a tsakani.

5. Direbobin tasi: na'urar lantarki da ake tallata muku wai tana hana mota tsatsa, asarar kuɗi ce, domin dabarar sai ƙarfe yana nutse cikin ruwa ko ƙasa mai danshi take aiki. Ku wanke ƙarƙashin mota bayan an watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara.

6. Masu haya, ba naku ba ne taɓa tanki. In ruwan zafi ya fito ja-ja, ku faɗa wa mai kula da gini. Dokar birni ta wajabta wa mai gida ba ku ruwan zafi duk shekara, aƙalla digiri 120 a ma'aunin Faranhait. Idan ya yi kunnen uwar shegu, ku kira 311.