Darasi: Dattijo Ya Gauraya Shekaru, Shin Ƙarya Ya Yi?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ƴan'uwa, bayan wazifa wani dattijo a Agiye ya ba mu labarin yunwa: rumbu ya ƙare, an koma cin anza da jiga, maza sun tafi cin rani. Da farko ya ce zamanin Kunce ne, can kuma ya ambaci Tanja. Wani matashi ya raɗa mini: "Baba ƙari yake yi." Wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa.

Dattijon ya ga fari na 1973, ya ga yunwar 1984 da ake kira El Buhari, ya ga ta 2005. Abin da ya maimaitu ga mutum, zuciya takan riƙe yadda ya saba faruwa daram, amma takan ɗauko wani abu na wannan shekara ta kai waccan. Wanda ya ƙirƙiri labari ma yakan fi shi tsara zance.

Malaman hadisi sun raba sharaɗi biyu ga mai ruwaya: adalci da kiyayewa. Raunin kiyayewa kuskure ne, ba ya mayar da mutum maƙaryaci.

Saboda haka kada ka tambayi Baba shekara. Tambaye shi wa ke mulki, wane ɗa aka haifa lokacin, sannan ka gwada da maganar tsaransa. Inda suka haɗu ka riƙe, inda suka saɓa ka dakata, ka kuma tsare harshenka daga mutuncinsa.

Allah ya ba mu ladabi da tantancewa. Amin.