Iskar Da Ɗan Acaɓa Ke Ji Ita Ce Ke Juya Injin Lantarki

Ɗan acaɓa da ya taso daga Kambaza zuwa Birnin Kebbi a ranar da ko ganye ba ya motsi, zai ji iska na dukan fuskarsa. Gudun babur ɗinsa ne ya haifar da ita. Idan kuma iskar hunturu na kaɗawa, sai biyun su haɗu su zama ɗaya. Wannan haɗaɗɗiyar iska ita ce duk abin da ke tafiya yake ji, kuma ita injiniyoyi ke lissafawa.

Ga misali: babur na gudun kilomita 40 a awa, iska na bugowa daga gefe da kilomita 30. Mahayin zai ji iska mai gudun kilomita 50, tana zuwa a karkace daga gaba.

Jirgin ruwa mai tafiya da iska

Ƙyallen jirgin yana aiki kamar fiffiken jirgin sama. Yayin da jirgin ke ƙara gudu, haɗaɗɗiyar iskar na ƙara ƙarfi tana komawa ta gaba, don haka matuƙi ke janyo ƙyallen ciki. Da wannan dabara jirgi kan wuce iskar da ke tura shi. A shekarar 2012, a gaɓar tekun Namibiya, jirgin Vestas Sailrocket 2 ya yi gudun kilomita 121 a awa, fiye da ninki biyu na gudun iskar ranar.

Fukafukan injin lantarki

A Lambar Rimi ta Jihar Katsina an kafa injina 37 masu samar da lantarki daga iska, da nufin samar da megawat 10. Bakin fiffiken irin waɗannan injina kan yi gudun da ya ninka na iska kusan sau shida, alhali gindinsa na tafiya a hankali. Saboda haka iska na riskar gindin a kusurwa babba, bakin kuma a ƙarama. Shi ya sa ake murɗe fiffiken tun daga masana'anta.

Mai haɗa ƙaramin injin a gida ya kiyaye: fiffike miƙaƙƙe da aka yanko daga kwano zai juya, amma batir zai daɗe bai cika ba. A karkata gindin sosai, a bar bakin siriri kuma kusan a kwance.