Kuɗin Fansho: An Cire a Albashi, Ya Shiga Asusu?

Fansho, wato kuɗin da ma'aikaci zai ci bayan ya ajiye aiki, ya sauya fasali a Najeriya da dokar shekarar 2004, wadda aka sabunta a 2014. Ma'aikacin kamfani yanzu yana da asusu da sunansa a hannun kamfanin kula da fansho, wanda ke juya kuɗin domin su kawo riba, kuma asusun yana binsa ko ya sauya wurin aiki. Duk wata ana cire kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, har da kuɗin gida da na mota, mai kamfani kuma ya ƙara kashi 10, ta yadda mai naira 100,000 zai tara naira 18,000. Wanda ya saba da adashi ba ya buƙatar ƙarin bayani a nan.

Abin da ya sauya da gaske shi ne babu wanda ya yi wa ma'aikaci alkawarin wani adadi, domin abin da ya taru a asusun shi za a riƙa biyansa daga ciki idan ya yi ritaya. Saboda haka wajibi ne ya duba asusunsa, kuma rashin dubawar nan ne ke jefa mutane cikin wahala. Takardar albashi tana nuna an cire kuɗi ne kawai, ba ta nuna an zuba su ba.

A gidaje da yawa uwargida ce ke fara gano wannan, domin ita ba ta taɓa barin zubi ɗaya ya wuce ba tare da ta ji daga bakin uwar adashi ba. Ranar albashi, tana ajiye kwanon tuwo, takan ce, "Maigida, kuɗin tsufan nan da ake yanka, ka ga shigarsu?" Shi kuwa yana wanke hannu yakan amsa, "Ai ga shi a takarda." Sai ta ce ita ma tana iya rubuta cewa ta zuba nama a miya, amma sai an sa hannu za a tabbatar. Gaskiyarta ce. Abin takaici, akwai maƙwabta da suka sauya lambar waya sau uku ba su sanar da kamfanin fanshonsu ba, wasu kuma suna goge saƙon da kamfanin ke turo musu ba su karanta ba, alhali ba sa barin canjin naira hamsin a wurin mai shayi.

Doka ta ba mai kamfani kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi ya zuba kuɗin, idan ya saɓa kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da bai zuba ba a kowane wata. Ma'aikaci ya duba asusunsa, ya nemi bayanin da ake fitarwa duk wata uku, wanda bai iya karatu sosai ba kuma ya sa ɗansa ya karanta masa. Idan wata biyu suka wuce babu zubi, ya kai ƙara ga hukumar fansho ta PenCom, wadda ke da ofisoshin shiyya a Kano da Gombe, tun kamfanin da yake wa aiki yana raye, domin karɓo kuɗi daga kamfanin da ya rufe yana da matuƙar wuya.