Fulogin Garwashi da Abin da Ke Kashe Shi

Kowa a Kafanchan ya san fulogin babur, wanda ya ke tartsatsi don ya kunna fetur. Amma akwai wani iri dabam wanda na ke so 'yan'uwana ɗalibai su sani, domin a cikinsa akwai darasin kimiyya mai kyau. Shi ne na ƙananan injunan jirage da motocin wasa waɗanda a ke sarrafawa daga nesa da rediyo. Wani Ba'amurke, Ray Arden, ya fito da shi wajen 1947.

Wannan fulogi ba ya tartsatsi. A cikinsa akwai 'yar siririyar waya a murɗe, ta ƙarfen filatinam. Da fari a kan haɗa shi da batir mai volt 1.5, sai wayar ta yi ja kamar garwashi. In inji ya tashi sai a cire batir, amma wayar ba ta hucewa. Me ya sa? Man injin yawancinsa metanol ne, watau ɗan'uwan sifirit ɗin da a ke kunna fitilar Tilley da shi, an gauraya shi da naitiro da man zurma. In tururin metanol ya taɓa filatinam mai ɗumi sai ya ƙone a jikinsa, ya ƙara masa zafi, shi kuwa ƙarfen bai ragu ba. Tun 1823 wani Bajamushe, Döbereiner, ya yi abin kunna wuta da wannan hali na filatinam.

To, me ke kashe shi? Babban abokin gabansa shi ne rowar mai. Mai inji ya kan matse allurar mai don ya ji ƙarar ta yi tsini, sai iska ta rinjayi mai, zafi ya wuce kima, waya ta lanƙwashe ko ta tsinke. A nan ƙasarmu sai a ƙara lura da hunturu. Iskar safiya da ke saukowa daga dutsen Kagoro a watan Janairu ta fi ta bazara nauyi, saboda haka allurar da ta dace a Afrilu ta yi kaɗan a lokacin, sai an ɗan buɗe ta. Ga kuma ƙura: in matacin iska ya ɓule, ta kan shiga ta lulluɓe wayar, metanol ya kasa taɓa ta. Batir da ya fi ƙarfinta kuwa nan take ya ke ƙone ta.

Sau da yawa a kan ɗora wa fulogi laifin da ba nasa ba, wannan kuwa a ganina rashin bincike ne. Metanol yana shan raɓar iska ƙwarai. Galan ɗin da aka bari a buɗe da daminar Kafanchan ya kan tara ruwa, inji ya yi ta mutuwa, a sayi sabon fulogi, a banza.

Ga yadda za ka gwada. Kwance fulogin, ka sa masa batir. In dukan murɗin ya yi ja da haske, waya ba ta tsinke ba. Sa'an nan ka duba launinta: mai lafiya tana ƙyalli, wadda ta gaji ta kan yi fari-fari kamar an barbaɗa mata toka. Irin wannan ko da ta yi ja da batir, da ka cire shi sai ƙarar inji ta faɗi, ko ya mutu ɗungum. In ka ga haka sāke ta, amma kafin ka ɗaura sabuwa buɗe allurar kaɗan, ka duba mataci.