Darasi: In Sabon Bel Ya Ƙi Jan Inji

Jama'a, yau karatunmu a kan bel ne. Bel shi ne igiyar roba da ke haɗa inji da abin da ya ke juyawa. Akwai shi a injin niƙa, da injin casar shinkafa, da motar yankan ciyawa wadda a ke hawa. Ƙarfi yana cikin inji, amma bel ne ke kai shi wurin aiki.

Wata rana bel ɗin wani mai injin niƙa ya tsinke. Ya tafi birni ya sayo sabo, ya sa. Inji ya tashi yana ruri. Da aka zuba dawa, sai niƙa ta tsaya, bel ya kama ƙara yana ƙauri. Ga mata sun jera ƙorai, ga rana tana yi. Ya ce inji ya mutu, ya sallame su. Ashe lafiyar inji lau. Da ya san abu huɗu, da bai yi hasarar cinikin yini ba.

Kafin kome mu kashe inji, mu jira ya tsaya cik. Mu tuɓe babbar riga. Bel mai gudu yana fizgar riga da mayafi, yana cire yatsa.

Na ɗaya, mu karanta rubutun da ke bayan bel. Akwai harafi da lamba. Harafi yana nuna faɗi, lamba tana nuna tsawo. Faɗin bel mai A milimita 13 ne, na mai B kuwa 17. In tsohon B ne, kada mu sayo A. Ga amfanin karatu: mu rubuta harafin da lambar a takarda, mu tafi da ita kanti.

Na biyu, mu duba ɗauri. Mu danna tsakiyar bel da babban yatsa. In tsakanin fuli da fuli inci 32 ne, ya kamata ya lotsa kamar rabin inci. Fuli shi ne ƙarfen nan mai kwari da bel ke hawa. In bel ya yi sako-sako, sai ya yi ta zamewa yana zafi. In ya ɗaure ainun, sai ya kashe boris. Sabon bel ya kan saki, saboda haka mu sake ɗaure shi bayan aikin kwana 1 ko 2.

Na uku, mu duba ko fuli biyun suna kan layi ɗaya. Mu miƙe zare a gefensu. In sun karkace, bel zai ci gefe guda, ko ya yi ta faɗowa. Mu kwance noti, mu gyara zaman inji, sa'an nan mu ɗaure.

Na huɗu, mu leƙa cikin kwarin fuli. Bel da gefensa ya ke kamawa, ba da cikinsa ba. In gindin kwarin yana ƙyalli, ko dai bel ya yi siriri, ko fuli ya cinye. Sabon bel ba ya gyara fuli da ya cinye, sai an sake shi. In akwai mai ko giris, mu goge sarai.

Kada mu cusa bel da ƙarfe, don zaren cikinsa ya kan tsinke ba mu gani ba. Mu matso da inji, bel ya hau da kansa. In bel biyu ke aiki tare, mu sake su tare.

Tambayoyi
1. Mene ne za mu fara yi kafin mu taɓa bel?
2. Me harafin bayan bel ya ke nunawa?
3. Yaushe za mu sake ɗaure sabon bel?

Aiki: mu je wurin mai injin niƙan garinmu bayan ya kashe inji. Mu rubuto harafi da lambar bel ɗinsa, mu kawo aji gobe.